Muryar Inna da Linkin Injiniya

Akwai wani mutum da 'yan gidansu ke kira Injiniya, don shi ke gyara wayar kowa. Bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi aka danƙa wa hotunanta da sautin muryarta, inda take ba jikoki labari.

Duk suna cikin wani faifan ajiya da yake jonawa a kwamfutarsa. A kwamfutar akwai folda wadda duk abin da aka zuba a ciki yake hawa ma'ajiyar intanet da kansa.

Injiniya ya ga kwafe fayiloli aikin 'yan koyo ne. Sai ya sa linki a foldar, wato 'yar alama mai nuna inda fayilolin suke a faifan. Cikin daƙiƙa biyu maki kore mai nuna an gama ɗorawa ya fito.

Autarsu, mai buga takardu a wani ofis, tana gefensa tana yanke farce.

"Yaya, har sun hau? Ni hoto ɗaya ma sai na jira."

"Ke iyakarki da kwamfuta buga wasiƙa. Wannan dabarar manya ce."

"To buɗe min muryar Inna a wayarka in ji."

"Koren nan ba ki gan shi ba, ko tabarau zan saya miki?"

Ba ta ja ba. Ta ari faifan zuwa washegari, ya ce ta ɗauka amma kada ta ɓata masa tsari.

Bayan wata biyar faifan ya faɗo daga tebur. Ya yi ƙas-ƙas sau biyu, ya mutu. Injiniya ko a jikinsa. Ya buɗe ma'ajiyar a gaban yayyensa, yana murmushi.

Abu ɗaya ya tarar: linkin. Manhajar ta ɗora alamar ce kawai, ba ta bi ta ta kwaso fayilolin ba. Adireshi ne na gidan da ya rushe.

Ya ɗauki waya ya kira ƙanwarsa.

"Auta, ranar nan da kika ari faifan..."

Ta kashe wayar. Can sai ga saƙo ya shigo daga gare ta; ashe ta kwafe fayilolin tun ranar da ta ari faifan. Ya danna, muryar Inna ta cika falon: "Ku zauna, ku yi shiru, ku bar ƙaramar ta yi magana."

Darasi: Ajiyar da ba ka buɗe ta a wata na'urar ba, ba ka ajiye ta ba. Kuma tambayar na ƙasa da kai ba raini ba ce. Tura wa Injiniyan gidanku.