Mai Gyaran Kwamfutar Da Ya Shiga Gidaje Ba Sallama

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku.

An taɓa yin wani mutum a nan gaɓar kogin Corentyne tamu, a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Sunansa ma zan rufe, domin yana da dangi a raye. Dakta kowa yake ce masa. Ba likitan mutane ba ne, likitan kwamfuta ne.

Da can akawu ne a masana'antar sukari. Da aka rufe masana'antar, sai ya zauna a ƙarƙashin gidansa, da yake gidajenmu a kan turaku suke, da wata tsohuwar kwamfuta, yana kwancewa yana ɗaurawa, har Allah ya buɗe masa kanta. Kun san yadda muke a nan. Wane gida ne ba shi da ɗa ko 'ya a New York ko Toronto? Gangar kaya za ta iso daga can, a buɗe, a tarar da kwamfuta a naɗe cikin tawul tsakanin sabulu da takalma, don tsofaffi su riƙa ganin jikokinsu. Ranar da ta ƙi tashi kuwa, gidan kamar an yi rasuwa. Sai a aika a kira Dakta, ya zo a kan kekensa.

Kuma ya iya, wannan ba a ƙwace masa. Akwai wata dattijuwa, Goggo Sherifan, wadda kusan kullum tata kwamfutar tana da ƙorafi.

"Dakta, zo ka gani, aljanun abar nan sun sake tashi."

"Ba aljanu ba ne, Goggo. Shafukan da kika buɗe sun fi kajinki yawa. Rufe su, ki kashe ta, ki bar ta ta huta kaɗan, ki sake kunnawa."

"Kai dai baƙin cikin kajina kake yi. Zauna ka ci gurasar roti."

Haka yake da kowa. Ya share tarkacen da ya nauyaya kwamfuta, ya sasanta firinta da ta yi yaji, ya ceto hotunan biki da aka goge bisa kuskure. Shawararsa ma mai kyau ce. Yakan ce kada a latsa kowane saƙo da ya ce an ci kyauta. Yakan ce kada a yi wa kowace ƙofa kalmar sirri ɗaya. Yakan ce manhajar sata guba ce, kada a sauke ta ko da kyauta aka ba ka. Musulmi da Hindu da Kirista duk sun sakar masa gidajensu. Mace za ta bar shi a falo da kwamfuta ta koma kicin. Tsoho zai faɗa masa kalmar sirrinsa da baki, ya ce, "Riƙe min, ɗana, ni mantuwa nake yi." A masallaci kuwa sahun gaba ne wurinsa.

To, ta ina Shaiɗan ya shigo? Ta ƙofar sauƙi ya shigo.

Damina ta yi ƙarfi wata shekara, hanyoyi suka zama taɓo, gwiwarsa kuma ta fara ciwo. Ya san akwai manhajar da mai gyara zai zauna a gidansa ya shiga kwamfutar wani ya gyara. Ta halak ɗin sai mai gida ya ba da izini duk lokacin da za a shiga, kuma yana kallon abin da ake yi. Dakta ya ga tsofaffin nan ba za su iya latsa izinin ba. Sai ya tafi wani shafi na ɓarayi ya samo wata wadda ba ta neman izinin kowa, ba ta nuna alama. Da zai sauke ta, kwamfutarsa ta yi masa gargaɗi da jan rubutu. Ya kashe gargaɗin da hannunsa. Shi da yake hana mutane.

Duk gidan da aka kira shi, sai ya dasa ta. In an tambaya ya ce maganin birus ne, wato cutar kwamfuta.

Da farko gyaran kawai yake yi. Wata rana bayan azahar ya shiga kwamfutar wani dattijo, Kawu Yacoob, don ya daidaita masa sauti. Ya gama. Maimakon ya fita, sai idonsa ya faɗa kan saƙonnin dattijon a buɗe. Ya ce bari ya karanta layi ɗaya. A nan ya gano cewa Rafeek, ɗan Kawu Yacoob, wanda uban yake cewa yana tuƙin babbar mota a Amurka, a kurkuku yake. Ya ga yadda dattijon yake rubuta wa surukarsa, matar Rafeek, yana roƙonta ta rufa musu asiri.

Ya 'yan uwa, me ya kamata mumini ya ji a wannan lokacin? Kunya da tausayi. Shi daɗi ya ji. Daɗin cewa ya san abin da ba wanda ya sani.

Daga ranar ya zama ba ya iya haƙura. Matarsa Nazmoon tana tafiya kasuwa, sai ya ja ƙofa ya zauna. Ya san wanda aurensa yake rawa, ya san wadda sakamakon asibitinta ya fito da mugun labari, ya san malamin makarantar da yake neman barin ƙasa a ɓoye. Da karatu ya daina isarsa, sai ya gano manhajar tana kunna kyamara. Ya fara kallon cikin ɗakunan mutane. Matan da suke gaishe shi a hanya da lulluɓi suna ce masa Yaya Dakta, ya gan su a halin da miji kaɗai ya halatta ya gani. Ba zan ƙara a kan haka ba, muna cikin ɗakin Allah.

Nazmoon takan dawo ta ƙwanƙwasa. "Malam, shinkafarka ta huce. Wai wace kwamfuta ce wannan da ba ta warkewa?"

"Aiki nake yi, ki bar ni."

Har kwamfutar 'yarsa Shaneeza, wadda take karatun jinya kuma an sa ranar aurenta da saurayin da take so, ya dasa wa abin. Ya ce wa zuciyarsa kula ce ta uba.

Asirin da ka sata ba ya zama lafiya a ciki. Wata Juma'a bayan salla aka tsaya ana gardama kan gyaran rufin masallaci. Kawu Yacoob ya yi masa tsiya irin ta manya, ya ce, "Kai Dakta, tsaya a kan wayoyinka, ka bar wa masu gemu maganar kwano." Aka yi dariya. Dariyar ta ƙona shi. Sai ya yi murmushi ya ce, a gaban jama'a, "Gaskiya ne, Kawu. Ya labarin Rafeek? Masu gadin suna barinsa ya kira gida kuwa?"

Dattijon ya dube shi. Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, ya tafi da su a hannu. Bai sake taka masallacin ba. Ya yi ta zargin surukarsa da tona asiri, har suka daina magana.

Duk da haka Allah bai kama shi nan take ba. Ya buɗe masa ƙofar tuba. Goggo Sherifan ta tare shi a bakin lambatu wata safiya.

"Ɗana, jiya ina zaune ban taɓa komai ba, na ga 'yar kibiyar nan tana yawo da kanta. Kuma wata 'yar fitila a sama ta kama. Jikata Aneesa tana ɗakin tana canja kaya. Lafiya kuwa?"

Da ya ce, "Goggo, kawo ta in cire wani abu," da labarin nan ya canja. Amma ya yi dariya ya ce, "Sabunta kanta take yi, Goggo. Kada ki damu."

"To, Allah ya yi maka albarka. Da ba ka nan da mun shiga uku."

Ta sa masa albarka, ya 'yan uwa. Ya karɓa ya tafi. A hanya ya ce wa kansa gobe zai bi gida gida ya cire. Gobe ta zo ya ce jibi.

Abin da Dakta bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne, me ya sa ɓarawo zai ba ka mabuɗi kyauta? Waɗanda suka ƙera manhajar sun bar wa kansu hanya a cikinta. Duk ƙofar da ya buɗe, suna bayansa. Duk abin da ya kalla, suna kwashewa.

Wata safiya ƙauyen ya tashi da kiraye-kiraye daga waje. 'Ya'ya suna kiran iyaye suna kuka. Hotunan mata da 'yan mata na ƙauyen sun fita a wani ƙazamin shafi, da sunayensu. Kafin la'asar sun shiga wayoyin samari daga wannan ƙauye zuwa wancan, har cikin motocin haya.

Wa mutane suka ruga wurinsa neman taimako? Dakta. Suka cika ƙarƙashin gidansa, kowa da kwamfutarsa a hammata. "Dakta, taimake mu. Dakta, goge mana." Wani ya miƙo masa waya ya gani. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya san kowane ɗaki, ya san kowace rana. Abin da idonsa ya gani ne, ba daɗi ba ragi. Ya ja hoton ƙasa da yatsa, sai ga labulen da shi da kansa ya rataya a ɗakin Shaneeza.

Ya yi ta ƙoƙarin cire manhajar. Ko ya cire, me ya rage? Abin da ya fita ya fita.

Bai faɗi gaskiya ba ko a ranar. Ya ce birus ne daga waje. Amma 'yar Goggo Sherifan da take Toronto ta sa aka kai kwamfutar uwarta wani shago a garin New Amsterdam. Masu shagon suka buɗe, suka ga manhajar, suka ga kwamfutar da take kai wa rahoto. Aka kai ta biyu da ta uku, duk hanya ɗaya suka nuna.

Da 'yan sanda suka zo, sai da suka kare shi daga jama'a, don akwai masu adda a hannu. Ana saukowa da shi daga matakala, Shaneeza ta tsaya a gabansa. Kwanaki ba ta fito daga ɗaki ba. Ba ta yi ihu ba.

"Baba, har da tawa? Kai ka sa?"

Ya kau da ido daga gare ta.

"Baba, ka ce ba kai ba ne, zan yarda."

Ya sunkuyar da kai. Ta matsa gefe aka wuce da shi.

An ɗaure shi. Amma ku ji abin da ya bari a baya. Dangin saurayin Shaneeza suka janye. Ta bar karatun, ta haye kogi zuwa ƙasar Suriname wurin wata innarta, ta canja sunan da take amsawa. Aneesa, yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, sai da aka cire ta daga makaranta saboda tsiyar yara. Wani aure ya mutu. Kawu Yacoob, da ya ji ta inda asirinsa ya fita, ya nemi gafarar surukarsa, amma hawan jini ya riga ya kayar da shi, ya rasu ɗansa yana tsare. Nazmoon ta kasa zuwa kasuwa, don ba mai amsa gaisuwarta. Ta rufe gidan ta bi 'yarta.

Da ya fito, ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya je ƙofar Goggo Sherifan, ya tsaya daga waje, ya yi sallama. Tana kwance a ragar lilo, ido ya fara dushewa, amma ta gane muryar.

"Yau ka iya sallama?"

"Goggo, gafara na zo nema."

Ta ce, "Na tambaye ka da bakina, ka dube ni ka yi dariya. Nawa haƙƙin na bar maka, don ni ma kabari nake jira. Na Aneesa ba nawa ba ne. Je ka nemo duk wanda ya ga hoton nan, ka cire shi daga idonsa, sannan ka zo."

Ya juya. Ina zai fara? Wa zai nema? Wanda ya saci akuya yana iya mayar da akuya. Wannan fa?

Ya ƙare a wani ƙauye nesa, yana share injin casar shinkafa, yana kwana a rumfar buhuna. Ya aika wa 'yarsa saƙo ta bakin mutane ba sau ɗaya ba, amsa ba ta zo ba. A rumfar aka tsinci gawarsa. Waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu ba, kuma yawancinsu ba su san ko shi wane ne ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai fasa ƙofar kowa ba. Buɗe masa aka yi, saboda an yarda da shi. Allah ya hana mu bin diddigin asirin juna, ya hana mu shiga gidan da ba namu ba sai da izini. Kuna zaton hanin ya tsaya a ƙofar katako? Kwamfutar ɗan uwanka ɗakinsa ce. Wayar matarka, wayar maƙwabcinka da ya ba ka ka duba masa wani abu, duk amana ce. Kai mai gyara, gyara abin da aka kira ka dominsa, ka kau da kai daga saura. Kai da hoton wata ya faɗo wayarka, ka tura gaba kana dariya, kada ka ce Dakta ne kaɗai mai laifi. Kana da kaso a ciki.

Ku kuma masu gida, yarda ba ta hana kula. In ana gyara muku, ku zauna a wurin. Ku tambayi sunan duk abin da aka sa muku da aikinsa. Ku canja kalmar sirri bayan an gama. Ku rufe idon kyamara in ba magana kuke yi da 'ya'yanku ba. In na'ura ta yi gargaɗi, kada ku kashe shi don gaggawa.

Wanda kuma yake zaune a nan yanzu, ya san akwai ƙofar da yake leƙawa, ya rufe ta yau kafin rana ta faɗi. Bai san wa yake tsaye a bayansa ba, kuma bai san ko zai ga gobe ba.

Ya Allah, ka rufa mana asiri duniya da lahira. Ka tsare idanunmu daga abin da ba namu ba, ka tsare 'ya'yanmu daga sharrin hannayenmu. Ka sanyaya zukatan waɗanda aka zalunta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.