Alkakin Yalwa da Mato Mai Ƙwalama

Dalilin da ya sa alkaki yake a murɗe, bakinsa biyu a haɗe, ku matso ku ji, yara.

Da can alkaki miƙaƙƙe ne, tsawon taƙi guda. A wani zango da fatake ke yada kaya akwai wata mata, Yalwa, wadda ta fi kowa iya shi. Alkamarta tas, zumarta ba gauraye. Matafiyin da ya koma gida ba da alkakin Yalwa ba, sai a ce bai yi tsaraba ba.

Wata rana wani bafatake, Mato, ya sayi faifai guda zai kai wa surukarsa. A hanya ƙamshi ya dame shi. Ya gutsuri bakin ɗaya, ya ga za a gane, sai ya bi sauran kaf yana gutsura, wai don su daidaita. Da ya isa, tsohuwa ta ga guntaye ta tambayi dalili. Ko kunya babu, Mato ya ce ai Yalwa ce ta fara ha'inci.

Magana ta bi hanya. Mutanen da suka shekara ashirin suna cin abin hannunta suka riƙa wucewa suna kau da kai.

Yalwa ta sa aka nemo mata guntu ɗaya, ta kai gaban sarkin kasuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, dubi bakinsa fari fat, ba zuma. Ni ɗungurungum nake tsomawa. Haƙori ne ya yi wannan."

Sarkin kasuwa ya duba, ya kuma gane. Amma Mato mai jakai talatin ne, ba a son ya sauya zango. Sai aka ce wa Yalwa ta yi haƙuri. Ita da aka ɓata wa suna, ita aka ba haƙuri!

Ta koma gida. Ta finciki kwaɓi, ta murɗe shi kamar kunnen Mato ne, ta liƙe bakunan biyu, ta jefa a mai. Ta ce, "Yanzu a nuna mini inda ɓarawo zai fara."

Da Mato ya sake zuwa, ya juya alkakin nan ya juya, ya ajiye, ya kora jakansa.

Shi ya sa har yau alkaki yake a ƙulle. Wanda duk ya taɓa tsarabar da aka ba shi amana, tun daga ƙofar gida ake ganewa.