Maɓallin da Bai Ce Yana Kulle Ba

Ku matso ku ji, amma kada wanda ya katse ni sai na kai ƙarshe.

Malam Ɗanlami makaho ne, wayarsa ce ke karanta masa komai da murya. Matarsa Barira ta kwanta ciwon ƙoda, aka ce ba a samun layin wankin ƙoda sai an cike takarda a shafin asibiti na intanet. Ya cike tsaf, ya lalubo maɓallin ƙarshe, murya ta ce, "Aika." Ya danna, shiru. Kwana tara bawan Allah yana dannawa, ƙafafun Barira suna ta kumbura, har ya fara zargin yatsunsa. Ashe maɓallin a kulle yake sai an zaɓi rana. Masu ido suna ganin launinsa ya dushe, shi kuwa wa zai gaya masa?

Haladu, mai tsaron teburin asibitin, shi ne ya saurare shi bayan kowa ya ce ai makaho ne, bai iya ba. Ya karɓi wayar, ya rufe idonsa, ya danna, ya ji shirun nan da kunnensa, ya kai maganar wurin masu shafin. Da bai yarda da shi ba, da maganar ta mutu a bakin ƙofa.

Tasi'u, mai kula da shafin, ya yini cur yana tonon rubutun da ke sarrafa shi, har ya gano cewa launi kawai aka rage, ba a sa alamar da murya za ta karanta ba. Ba don shi ba, babu wanda zai san inda za a taɓa.

Nafi'u kuwa, abokin aikin Tasi'u, shi ya iya gyaran. Layi biyu tak ya rubuta, alamar ta riƙa hawa in maɓallin na kulle, tana sauka da kanta in ya buɗe. Malam ya sake lalubawa, murya ta ce, "Aika, a kulle, zaɓi rana tukuna." Wallahi sai da ya yi kuka.

Barira ta rayu, amma likita ya ce an makara, ita da injin wankin ƙoda sai mutuwa. Ko zama ba ta iyawa sai an tallafe ta. Ran da aka haifa musu jika namiji, ta ce da muryar da da ƙyar ake ji, "Malam, a sa masa sunan wanda ya cece ni."

Jariri ɗaya ne, suna kuma gobe. To, Haladu, Tasi'u ko Nafi'u, sunan wa Malam zai raɗa masa?