Ƙarfen da Ba Ya Yin Ja

Akwai wani mutum mai walda, gwani ne wajen gyaran jikin mota. Duk garin an san hannunsa. Idan ya kunna wutar gas ya sa wa ƙarfe, sai ya zuba ido har wurin ya yi ja, daga nan ya san lokacin haɗi ya yi. Shekara ashirin yana haka, ƙarfe bai taɓa ba shi kunya ba.

Wata rana wata tsohuwa ta zo ta kira shi gidanta. Mijinta tsohon direba ne, idanunsa sun mutu. Yana da wata tsohuwar mota a tsakar gida, irin wadda aka daina ƙerawa tun da daɗewa. A hancin motar akwai wani ado mai sheƙi, dogo kamar fiffiken tsuntsu. Kowace safiya tsohon yakan lalubo hanya da sanda, ya shafa adon nan da tafin hannu, sa'an nan ya zauna ya yi addu'a. Shi ne abin da ya rage masa na zamanin da yake gani. To, ƙusoshin da ke riƙe da adon sun karye, ya faɗo.

Mai walda ya turo tulunan gas ɗinsa a amalanke. Ya juya adon a hannu, ya ji shi da nauyi.

Tsohon yana zaune a kan tabarma, ya ce, "Ɗana, wannan ba irin ƙarfen jikin motar ba ne. Zubi ne, gamin tutiya. Ba ya son wuta da yawa. Ka kankare shi tas, ka ɗumama jikin motar daga baya, ka bi shi da dalma a hankali."

Mai walda ya yi dariya ya ce, "Haba Baba! Ai ƙarfe ƙarfe ne. Kafin Iya ta sauke koko na gama."

Ya ɗora adon a mazauninsa, ya kunna wuta. Jikin motar ya yi ja nan da nan, kamar yadda ya saba gani. Adon kuwa bai sāke kama ba. Yana nan fari, yana sheƙi, ko ƙara bai yi ba.

Mai walda ya ce a ransa, "Taurin kai ke gare ka ke nan." Ya ƙara wuta. Ya jira ja, ja bai zo ba. Ya matso da bakin wutar.

Sai kawai adon ya lotsa ta tsakiya, ya zubo kamar hawaye, ya ɗiɗɗiga a cikin rairayi. Kafin ya janye hannu, ba abin da ya rage sai guntun bakinsa biyu da tabon ƙuna a hancin motar. Jikin motar ya huce, ya koma yadda yake. Adon bai koma ba.

Tsohon ya ji wuta ta mutu, ya ce, "An gama, ɗana?"

Mai walda ya zuba wa ragowar adon ido. Ya san babu wani irinsa a kasuwa, babu kuma maƙerin da zai mayar da shi. Tsohuwar ta durƙusa tana tsince ɗigon a cikin rairayi, tana zubawa a bakin zanenta. Tsohon ya tashi da sandarsa, ya lalubo motar, ya miƙa hannu inda ya saba. Ya daɗe yana shafa wurin. Ya juya ya shiga ɗaki, kashegari kuma bai fito wurin motar ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, Allah bai yi mu da ƙarfe iri ɗaya ba. Mai walda shi ne duk wanda aka ba iko a kan wani, ko maigida, ko uwa, ko dattijon ikkilisiya. Wutar ita ce faɗa da tsawa da baƙar magana. Akwai mutum irin jikin mota. Idan ka ƙona shi zai yi ja, ya mayar maka da magana, gobe ya huce ku ci abinci tare. Akwai kuma wanda ba ya yin ja. Ka yi masa tsawa, ya ce "To." Ka ƙara, ya kawo maka ruwan wanka. Sai ka ce bai ji ba, ka ƙara wuta. Alhali tun tuni cikinsa ya fara narkewa.

A cikin gidajenmu akwai irinsu, wataƙila ma suna zaune kusa da ku yanzu a kan benci. Kada ku jira su yi ja. Ranar da suka zube, kuka ba zai mayar da su ba, kuma Ubangiji, wanda ya saba shafa su da hannunsa kowace safiya, zai tambaye ku, "An gama, ɗana?" Ku je gida yau, ku rage wuta.