Gidan Zanzaro a Kwamfutar Briskila

Akwai wani dattijo da matarsa Briskila ta rasu ta bar shi. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma tun tana da ƙarfi aka ɗauki muryarta aka zuba a wata tsohuwar kwamfuta, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan. Ban da can, babu inda muryar ta saura a duniya.

Ranar jana'iza ya ɗauko zanen zumuntarta ya lulluɓe kwamfutar. Bai sake kunna ta ba, gama yana tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Amma kowace Asabar yakan ɗaga zanen ya goge ta tas, har da ɗan turare. Yakan ga zanzaro yana shiga ta hujojin baya ɗauke da laka, sai ya ce, "Bar shi, shi ma ɗaki yake nema."

Ana nan, 'yarsa ta haifi mace, za a sa mata Briskila. Dattijo ya yi marmarin ranar suna jama'a su ji muryar mai sunan. Ya danna makunni, kwamfuta ta yi gurnani, ta ɗauke. Hankalinsa ya tashi, ya kira maƙwabcinsa Barnaba mai gyara.

Barnaba ya ce, "Baba, sai an buɗe ta."

Dattijo ya ce, "Haba ɗana, dube ta mana, ko ƙura babu!"

"Wannan ai daga waje ne, Baba, ciki za a duba."

Da ƙyar ya yarda. Ana kwancewa, sai ga gidajen zanzaro reras, sun toshe fanka, sun hau kan wayoyi. Kunya ta kama dattijo, ya zaro wuƙa zai kankare. Barnaba ya riƙe hannunsa ya ce, "A'a Baba, in ka yi da ƙarfi har muryar Mama za ka kankare." Ya zauna da tsinken tsintsiya da buroshi mai laushi, yana ɓantarewa kaɗan-kaɗan yana hurewa, har ciki ya fita fes. Da aka kunna, sai ga Briskila tana waƙa. Dattijo ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kwamfutar nan ita ce zuciyarmu. Dattijon nan ba mugu ba ne, ciwo ne ya sa ya lulluɓe ta, haka ma da yawa cikinmu. Muna zuwa sujada tsaf-tsaf, alhali ɗaci da fushi suna ta kai laka ciki, kowace rana kaɗan, har waƙar yabo ta ɗauke. Kada ka ji tsoron buɗe wa Ubangiji. Ba da wuƙa yake zuwa ba, hannunsa mai taushi ne. Waƙar nan da kake zaton ta mutu tana nan, laka ce kawai a kanta.