Tsamiyar da Aka Yi wa Shinge

Akwai wani tsoho manomi da ke da tsamiya a bakin gonarsa. Kakansa ma a tsaye ya tarar da ita. Baƙo in ya tambayi hanyar ƙauyen, sai a ce masa, "In ka ga babbar tsamiya, ka iso." Mata suna tsinkar 'ya'yanta don kunu, yara suna hawa, masu zuwa kasuwa suna sauke kaya a inuwarta, awaki kuwa ba sa barin ko tsinken ciyawa. Gindinta fes, kamar tsakar gida.

Kai, tsohon nan yana son tsamiyar nan! Har gaishe ta yake yi da safe. Wata rana ya tarar da reshe a karye, ransa ya ɓaci, ya ce, "Za su kashe mini ita kafin jikokina su girma." Sai ya saro ƙaya, ya ɗebo kara, ya kewaye ta ruf.

Matarsa Kande ta ce, "Maigida, ita tsamiyar ce ta kawo maka ƙara?"

Ya ce, "Ke dai zuba ido."

Damina ta zo, ciyawa ta kai ƙugu a cikin shingen, ba ƙafar da za ta tattake ta. Rani ya shigo, ciyawar ta bushe ƙayau. Ran nan da tsakar rana masu farautar gafiya suka sa wa daji wuta. Shekara nawa wuta ke zuwa gindin nan ta rasa abin ci ta mutu! Wannan karon ta sami ciyawa, ta sami kara, ta shige kogon itacen. Kwana uku tana ci, tsamiya ta faɗi.

Tsoho ya zauna gaban toka yana kuka. Mutanen da ya kora suka zo suka zauna tare da shi. Ya dube su, ya ce, "Ashe ƙafafunku ne ke tsaronta, ni ban sani ba."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Tsamiyar ita ce ikkilisiyar da iyayenmu suka bar mana. Tsohon ba mugu ba ne, ƙauna ce ta haɗu da tsoro, kuma yawancinmu mun san shi a cikin zuciyarmu. Muna tsawata wa yara don sun yi surutu, muna hararar baƙo don bai san waƙoƙinmu ba, mu ce muna tsaron gidan Allah. Ubangiji kuwa da shigowar mutane yake tsaron gidansa. Lahadi mai zuwa, in ka tarar wani ya zauna a bencinka, yi murna, ka zauna kusa da shi.