Kiran Safiya na Mzee Simiyu

Akwai wani bawan Allah a nan Nairobi mai suna Barasa, ma'aikacin wani kamfanin inshora. Mutum ne mai ƙoƙari, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Matsalarsa ɗaya ce: in aka yabi wani a gabansa, sai ka ga fuskarsa kamar an ɗauke masa nama daga kwano.

Mahaifinsa, dattijon da ake kira Mzee Simiyu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana zaune a gonarsa can Bungoma. Tun da matarsa ta rasu gidan ya yi masa faɗi. Ganin haka sai 'yarsa Nanjala, ƙanwar Barasa mai shagon ɗinki a Kisumu, ta saka masa wani wasa a waya.

Kun san wasan. Kullum a ba ka kalmomi goma sha shida, ka raba su gida huɗu, kowane gida da abin da ya haɗa 'yan cikinsa. Ka yi kuskure huɗu, wasa ya rufe sai gobe.

Kowace safiya, da zarar an ɗora shayi, Mzee zai kira Nanjala su yi tare. Har shayin ya huce ba su gama ba. Daga nan ya tura sakamako a guruf ɗin dangi, ya rubuta: "Yau ni da uwata mun sha da ƙyar!" Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Wannan "uwata" ita ce ta hana Barasa sakat. Yana cikin matatu, wato motar haya, cunkoso ya tsaya cak, zai buɗe waya ya ga saƙon.

"Ni na sake masa rufin gida," yake faɗa a ransa. "Ni na ja masa ruwan famfo. Amma ni sai ranar Lahadi, 'Yaya aiki? Madalla.' Ita da ɗan wasan yara ta zama uwa!"

Ya sauke wasan a ɓoye, ya gwada. Ya faɗi. Washegari ma ya faɗi. Kishi ya ƙaru, haƙuri ya ragu.

Sai ya tuna da Khaemba, abokinsa na ƙuruciya, ɗan maƙwabtansu, wanda yake aikin jinya a Ostireliya. Can rana tana riga mu fitowa, don haka wasan gobe yana iso musu tun muna yammacin yau. Khaemba kuwa gwani ne, kuma ba ya cikin guruf ɗin dangin.

"Ɗan'uwa, in ka gama naka ka riƙa turo mini hotonsa," in ji Barasa. "Sha'awa kawai yake ba ni."

"Kai da ko jarida ba ka karantawa?" Khaemba ya yi dariya. "To, an gama."

Daga ranar Barasa ya zama tauraro. Kullum sakamakonsa fes, babu kuskure ko ɗaya. Mzee ya rubuta: "Ashe da farfesa a gidana ban sani ba!" Barasa ya karanta saƙon nan har ya haddace shi.

Da ya tsaya nan, da sauƙi. Amma mai kishi ba samun nasa ne yake ƙosar da shi ba, sai ya ga na wancan ya zube.

Ya kira mahaifinsa. "Baba, gaskiya Nanjala tana ja maka kuskure. Kullum da ƙyar, da ƙyar. Ni za ka riƙa kira, ka ga aiki."

Da Nanjala ta ji, ba ta yi musu ba. "To Yaya, ga wuri nan," ta ce. "Ai kai ma babanka ne. Abu ɗaya dai, kada ka yi masa sauri."

"Ki ji da keken ɗinkinki," ya ce, ya kashe.

Safiya ta farko, Mzee ya kira da murnarsa. Ya fara karanto kalmomin, ya tsaya a kan ɗaya.

"Belbela! Kai, mahaifiyarku takan ce in belbela ta sauka a bayan saniyarmu..."

"Baba, gidan tsuntsaye ne wannan. Danna ta, ka haɗa da sauran ukun da zan faɗa maka."

Ya danna. Daidai. Gida na biyu, daidai. Kafin shayi ya tafasa an gama.

"To," in ji Mzee. "An gama ke nan?"

"An gama, Baba. Ka ga bambanci? Zan shiga ofis."

Haka aka yi ta yi. Sakamako fes kullum, amma Mzee ya daina rubuta komai a ƙarƙashinsa. Wata safiya ma ya ce, "Yau ba zan iya kallon waya ba, ɗana, ina so in gaya maka..." Barasa ya tari numfashinsa: "Ba komai Baba, zan tura mana sakamakon." Shi dai abin da ya gani shi ne an daina cewa "uwata" a guruf, kuma wannan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Kirsimeti ta zo, kowa ya tattara ya nufi Bungoma. Barasa ya tarar da mahaifinsa sanye da baƙin tabarau.

"Iye, Baba an zama ɗan gayu!" ya ce, ya wuce ciki ajiye jaka.

Yammacin ranar ya yi ta duba waya. Babu hoto daga Khaemba. Ya tura saƙo, shiru.

Da safe aka baje tabarmi a gindin mangwaro, ga shayi, ga mandazi, fanken can, ana fige kazar rana. Mzee ya miƙa wa Barasa wayarsa a gaban kowa.

"Farfesa, zo ka nuna wa dangi yadda ake yi."

Ana cikin haka sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Wa zai sauko? Khaemba, da ledar tsaraba. Ya zo hutu bai gaya wa kowa ba. Aka yi ta ihu ana rungumarsa, shi kuwa Barasa ya ƙura wa wayar ido.

Ba yadda zai yi. Ya danna huɗu, kuskure. Ya sake, kuskure. Ƙanwar babansu ta ce, "Farfesa, ko shayin ne bai ji sukari ba?" Aka kwashe da dariya. Kuskure na huɗu ya shiga, wasa ya rufe, ko gida ɗaya bai haɗa ba.

Khaemba ya leƙo, da zuciyarsa ɗaya, ya dafa shi. "Ayya ɗan'uwa, laifina ne. Jiya ina jirgi ban turo maka amsoshin ba. Yanzu ni ma agogon Bungoma nake bi!"

Kowa ya juyo ya dubi Barasa.

Mzee Simiyu ya karɓi wayarsa. Bai yi faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

"Barasa, ni ba amsa nake nema ba. Wanda ya faɗi ma wasan yana nuna masa amsa a ƙarshe. Abokin hira nake nema."

Ya cire tabarau. Idonsa na hagu ja ne, da alamar aiki.

"An cire mini yanar ido a Eldoret watan jiya. Uwata ce ta rufe shagonta ta kai ni. Na yi ta neman inda zan saka maka maganar, ban samu ƙofa ba. Kullum kana sauri."

Barasa ya dubi dangi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi mamaki. Kowa ya sani, sai shi da yake magana da tsohon kowace safiya.

Nanjala ta miƙe. Ta ɗauki kofin mahaifinta da ya huce, ta je ta sake ɗumama masa.

Yau kiran safiya ya koma wurin mai shi, Nanjala. Barasa yana da ranar Lahadi, kamar da. Sai dai yanzu ya daina neman amsa a wurin kowa, shi da mahaifinsa suna yi suna faɗuwa, kuma a Lahadin farko shi ne ya tambaya da kansa: "Baba, me Mama takan ce in belbela ta sauka a bayan saniyarmu?"

Darasi: Kishi yana sa mutum ya ƙwace kujerar ɗan'uwansa bai san aikin da ake yi a kanta ba. Iyayenmu ba gwanintarmu suke jira ba, lokacinmu suke jira. Ka tura wa 'yan'uwanka wannan labari, sannan ka kira tsohonka ko tsohuwarka, kuma kada ka yi musu sauri.